Babi na Bakwai: In Wutar Gas Ta Ƙi Kamawa Cikin Hunturu

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu ne wutar gas ta fi ba mutane wahala a ƙasar Bagudo. Abu biyu ke haddasa haka, kuma tare suke zuwa: ƙura da sanyi. Iskar hunturu tana gangarowa daga Sahara ɗauke da ƙura mai laushi wadda ƙofa ba ta tare ta, taga ba ta tare ta, sai ta bi kowace kafa ta murhu ta zauna. Da dare kuma, a garuruwan kwarin Kogin Kwara irin su Bahindi, sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15 a wasu darare. To, a daidai wannan lokaci ne mai kiwon kaji ke neman ɗumama 'yan tsaki, mai shayi ke so ruwansa ya tafasa kafin a fito sallar asuba, maigidan da ya sayo hita saboda tsohuwarsa ko saboda mai jego ke so ta kama masa.

Gas baƙo ne a wannan yanki. Har gobe itace da gawayi ne ke riƙe da yawancin madafai. Tsadar kananzir ce ta fara shigo da tukunyar gas gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, sannan da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, manoman rani da dama a Jihar Kebbi suka mayar da injinan ban-ruwansu su riƙa shan gas. Tukunya ta shiga fadama, ta shiga ɗakin kaji, ta shiga tsakar gida, amma sanin yadda ake sarrafa ta bai biyo ta da wannan saurin ba. Mai gyaran da ya san aikin sosai kuwa sau da yawa sai an nemo shi a Koko ko Jega, ko ma Birnin Kebbi. Don haka dole mai kaya ya iya rarrabe abu uku da kansa: matsalar da zai gyara da hannunsa, wadda sai dai ya sauya kayan gaba ɗaya, da kuma abin da yake gani tamkar lalacewa ne alhali na'urar tana tsare masa rai ne. Na ukun nan shi ya fi damuna, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Hita, murhun girki da na'urar ɗumama 'yan tsaki duk hanya ɗaya gas ke bi a cikinsu. Daga tukunya ya fito ta bawul, ya shiga regileta ta rage masa ƙarfi, ya bi tiyo, ya wuce makunni, ya fesa ta wata 'yar ƙaramar huda da ake kira nozul, ya haɗu da iska a cikin wani bututu da zan riƙa kira maƙogwaro, sannan ya fito kai, wato bakin da wuta ke ci, ya kama wuta. Mai neman matsala ya bi wannan hanya daga tushe. Masu fara kwance na'ura tun kafin su duba tukunya su ne ke ɓata abin da lafiyarsa ƙalau.

Tukunyar da ke gumi

Abin da ke cikin tukunya ruwa ne, ba iska ba. Matsi ne ya mayar da shi ruwa. Da ka buɗe bawul, sai saman ruwan ya fara tafasa yana zama iska, kuma tafasar nan zafi take ci, tana jawo shi daga jikin ƙarfen tukunyar da iskar da ke kewaye da ita. Abin da ke sa ruwan randa sanyi shi ne ke faruwa a nan: duk abin da ke tashi ya zama tururi yana tafiya da zafi. Shi ya sa idan an daɗe ana jan gas da ƙarfi za ka ga gindin tukunya ya yi raɓa, wani lokaci har da farar ƙanƙara, wuta kuma ta yi ta raguwa har ta koma 'yar mitsitsiya alhali in ka ɗaga tukunyar ka ji da nauyinta.

Gas ɗin da ake sayarwa iri biyu ne ake cakuɗawa, buten da furofen. Furofen yana tafasa tun a digiri 42 ƙasa da sifili, sanyinmu ba ya ko girgiza shi, shi ya sa a ƙasashe masu dusar ƙanƙara irin Amurka da Kanada da shi ake ɗumama gidaje da dama. Buten kuwa sai zafi ya kusan kai sifili yake tafasa. Wanda ke zuwa kasuwanninmu, daga kamfanin NLNG da ke Bonny da sauran wurare, buten ne ya fi yawa a cikinsa. Daren digiri 14 bai isa ya tsayar da buten shi kaɗai ba. Amma ka haɗa daren da ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6, wadda ta kusa ƙarewa, tana zaune a kan siminti mai sanyi, babbar hita kuma tana zuƙarta: nan da nan za ta sanyaya kanta har ta kasa bayarwa.

Maganin shi ne a rage wutar, a ɗora tukunyar a kan katako, a ba ta hutu, ko a koma mai kilo 12.5, domin faɗin jikinta ya fi jawo zafi. Mai ɗakin kaji ko injin ban-ruwa ya tanadi tukunya biyu yana musanyawa. Abin da ba a yi ko kusa shi ne a kara ta kusa da wuta, ko a kwara mata tafasasshen ruwa, ko a kwantar da ita a gefe wai don ragowar ta fito. Idan aka kwantar da ita, ruwan gas ne zai shiga tiyo maimakon iskarsa, kuma ruwan nan in ya saki jiki yana ninka girmansa kusan sau 250. Wutar da za ta tashi a kai ba irin wadda ake kashewa da makunni ba ce.

Don sanin ko da saura a ciki, sikeli ya fi girgizawa gaskiya. A jikin kowace tukunya ta kirki, wajen mariƙi, an buga nauyinta ba komai a ciki, galibi da haruffan TW. Ka auna, ka cire wannan, abin da ya rage shi ne gas ɗinka. Hita mai ƙarfin kilowat 4.2 in an buɗe ta duka tana shan kusan giram 300 a awa, wato kilo 12.5 ba zai wuce awa 40 da 'yan kai ba. Wanda bai yi wannan lissafi ba sai ya ɗauka mai gas ya cuce shi. Kuma kada ka roƙi mai ɗura gas ya yi maka gyara ya cika ta har wuya. Kashi 80 cikin ɗari ne iyaka, sauran filin na kumburin ruwan ne. Tukunyar da aka cika maƙil a sanyin Janairu ita ce ke zama bala'i a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Akwai kuma abin da ya shafi mutanen bakin iyaka musamman. Kaya na kai-komo tsakaninmu da Jamhuriyar Benin ta wajen Tsamiya da Segbana, da ta wajen Lolo, tukwanen gas ma suna cikin abin da ke tsallakawa. Bakin bawul ba iri ɗaya ba ne: akwai na murɗawa, akwai na dannawa, na dannawar ma faɗinsu ya bambanta, wani milimita 20, wani 22, wani 27. Regiletar da ba ta zauna daram a bakin tukunya ba, ba tata ba ce. Naɗa leda ko tsinken robar tayar keke don a toshe giɓin ba gyara ba ne. A Benin an saba kai fankon tukunya a karɓo cikakkiya ta kamfani, don haka akwai mai alhakin duba lafiyarta. A nan Najeriya kowa da tasa, yana riƙe da ita har ta tsufa a hannunsa. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta ƙayyade wa tukunya shekara 15, tare da gwaji duk shekara 5, amma a ƙauye babu mai tuna maka. Kai ne za ka sa ido a gindinta. In tsatsa ta fara ɓantarewa, ko akwai wurin da aka yi mata walda, ta gama aiki.

Regileta da tiyo

Regileta iri biyu ce. Ta gida tana sauke matsi zuwa miliba 28 ko 30, ita ce ta murhun girki da hitar ɗaki. Akwai kuma mai ƙarfi, wadda ake murɗa kanta a ƙara ko a rage, ta manyan murahun masu tuyar kasuwa da wasu na'urorin ɗakin kaji. In ka sa mai ƙarfi a hitar ɗaki, wuta za ta riƙa ruri tana tashi daga kan kai tana ɗaukewa. In ka sa ta gida a na'urar da ke son ƙarfi, za ta kama a raunane, kai kuma ka yi ta zargin nozul. A bayan na'urar akwai ɗan allon ƙarfe ko takarda da aka rubuta matsin da take so. A duba shi kafin a saya.

Wasu regiletoci suna da wani ɗan makulli a ciki wanda ke datse gas in ya ji ya kwararo da yawa lokaci ɗaya. Idan ka buɗe tukunya alhali makunnin na'urar a buɗe yake, sai ya ɗauka tiyo ne ya fashe, ya rufe. Nan ne za ka ji ana cewa, "Wagga hita tun jiya ba ta kamawa, kuma yanzu aka ɗuro gas." A rufe komai, a cire regiletar, a jira minti ɗaya, a mayar, sannan a buɗe a hankali. A jikinta kuma akwai 'yar hudar shaƙar iska. In ƙura ko laka ta toshe ta, wuta za ta riƙa hawa da sauka. A share hudar daga waje kawai. Regileta ba a buɗe cikinta. In tana yoyo, ko tana tsiyayar da wani abu mai maiƙo, a sayi sabuwa.

Tiyo ne ya fi komai araha, shi ne kuma aka fi yi wa rowa. Tiyon ruwa ko na jan fetur ba ya riƙe gas, domin gas yana cin robar har ta bushe ta tsage. Na gas daban yake, mai kauri, da zare a tsakiyarsa, kuma na kirki akwai shekarar da aka yi shi a jikinsa. A ɗaure bakinsa biyu da kilif na ƙarfe, ba da waya ko tsumma ba, kada kuma tsawonsa ya wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu. A lanƙwasa shi a duba: in ƙananan tsagu sun bayyana, ya mutu. A zafin ƙasarmu ni ba na son tiyo ya wuce shekara biyu. A gidan da ake ajiye shinkafa ko dusar kaji kuwa, a riƙa bin sa da hannu duk mako saboda ɓera.

Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi. A kaɗa omo ya yi kumfa, a shafa a bakin bawul, da jikin regileta, da bakunan tiyo biyu, a buɗe gas ba tare da kunna wuta ba. Inda kumfa ke kumbura nan ne. Sau da yawa 'yar baƙar robar da ke cikin bakin bawul ce ta tsufa ko ta faɗi a wajen ɗuri, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ba a gwadawa da ashana.

Shi gas ba shi da wari a asalinsa, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya kama shi. Ya fi iska nauyi, furofen sau ɗaya da rabi, buten sau biyu, saboda haka ba ya tashi ya fita ta taga, ƙasa yake kwanciya, ƙarƙashin gado, cikin kwata, inda yara ke barci a kan tabarma. Kashi 2 cikin ɗari kacal na iskar ɗaki ya isa ya kama. In ka farka ka ji warin, kada ka taɓa makunnin lantarki ko don kashewa ne, kada ka ƙyasta laita, kada ka tayar da janareta ko babur a kusa. Ka rufe bawul, ka buɗe ƙofa, ka fitar da mutane, ka fitar da tukunyar fili nesa da murhun maƙwabta. Wanda ke ganin wannan tsoro ya yi yawa ya tuna Sabon Tasha a Kaduna, ranar 4 ga Janairu, 2020, inda gas ya tashi a wani shagon ɗuri ya ci rayuka, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya. In kuwa wani ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai tsabta na minti 20, ban da ƙwai, ban da gishiri, ban da man goge baki ko baƙin mai, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti.

Abin da launin wuta ke faɗa

Lafiyayyar wutar gas shuɗiya ce, tsayayya, mai ɗan sauti kaɗan. A hita mai farantin tangaran kuma, farantin ne zai yi ja bai ɗaya ba tare da harshen wuta yana lasar gabansa ba. Cikin hunturu za ka ga jan tartsatsi yana gilmawa a cikin shuɗin. Wannan ƙura ce ke ƙonewa, ba komai. Wadda ake tsoro ita ce doguwar wuta rawaya, mai lanƙwasa, mai barin kunkunniya a gindin tukunyar miya ko a jikin hita. Ma'anarta iska ba ta isa. Gas mai son iska ne ƙwarai: kowane awo ɗaya na furofen yana neman awo 24 na iska, buten kuma kusan 31.

Mafi yawan lokaci maƙogwaro ne ya toshe. Hitar da aka jingine tun watan Maris ta yi wata tara zanzaro na gina ɗakin laka a cikinta, gizo-gizo na saƙa. A rufe gas, a bari ta huce, a cire kai, a zura gashin kaza ko ɗan buroshi a share, a hura da famfon keke. A murhun girki, hudojin kai ne miya da ruwan shinkafa ke toshewa; a wanke da tsohon buroshin haƙori, a shanya ya bushe sarai kafin a mayar. Farantin tangaran ba a jiƙa shi, ba a kankare shi, hurawa kawai ake yi, in ya tsage kuma sai sabo.

A nozul ne mutane suka fi yin ɓarna. Hudarsa a aune take, ba ta kai milimita ɗaya ba a yawancin na'urorin gida, kuma farin ƙarfen da aka yi shi da shi mai laushi ne. Da ka soka allura ka juya, ka faɗaɗa ta, daga ranar gas zai riƙa fita fiye da iskar da maƙogwaro zai iya ja, wuta ta zama rawaya har abada. A kwance shi, a jiƙa a kananzir, a hura ta baya. In wuta tana komawa ciki tana ƙara a maƙogwaro, a kashe nan take. Ko gas ya yi rauni ne, ko kai bai zauna daidai ba, ko ya fashe.

Hitar da ke mutuwa da an saki makunni

Wannan ce ƙarar da ta fi yawa. An danna, ta kama, an saki, ta mutu. A gefen 'yar ƙaramar wutar da ke kunna babbar akwai wani siririn ƙarfe da masu gyara ke kira tamokoful. In ya yi zafi yana haifar da lantarki ɗan kaɗan, abin da bai wuce milibolt 30 ba, wanda ke riƙe wani maganaɗisu ya bar ƙofar gas a buɗe. In wuta ta mutu, ƙarfen ya huce, ƙofar ta rufe, gas ba zai cika ɗaki ba. Don haka a danna makunni a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30 bayan ta kama. In sabuwar tukunya aka sa, a ƙara haƙuri, akwai iska a tiyo da sai ta fita. In har yanzu tana mutuwa, a duba ko 'yar wutar tana taɓa kan ƙarfen, a goge masa baƙi a hankali, a ɗan ƙara ɗaure notin da ya haɗa shi da makunni. In duk bai yi ba, ya mutu, a sauya shi. In kuwa tartsatsin kunnawa ne babu, galibi ƙura ce a kan tsinken, ko wayarsa ta zare.

Akwai masu ɗaure makunnin da waya, ko su cusa tsinke su danne shi. Hitar za ta zauna a kunne, gaskiya ne. Amma ranar da iska ta busa wutar ta mutu da tsakar dare, gas zai ci gaba da kwarara har tukunya ta ƙare.

Sai wadda ke aiki lafiya na awa ɗaya ko biyu a rufaffen ɗaki, sannan ta ɗauke da kanta, in an buɗe ƙofa kuma ta yarda ta sake kamawa. Wannan hita ba ta lalace ba. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne. An ƙera 'yar wutar hitar ɗaki ta yadda in oksijin ya sauka zuwa wajen kashi 18, sai ta janye daga kan ƙarfen, ya huce, gas ya rufe. Abin da take gaya maka shi ne iskar ɗakin ta fara ƙarewa. Ƙura a hudar 'yar wutar ma kan sa ta yi haka da wuri, don haka a hura ta. Amma in an hura an buɗe taga ta daina, to, ɗakin ne mai laifi.

Dalilin wannan tsaro shi ne, wutar da iska ta yi wa ƙaranci tana fitar da guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana manne wa jini fiye da oksijin sama da sau 200, sai jiki ya shaƙe alhali mutum yana numfashi. Farkonta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, abin da kowa a bakin kogi zai ce zazzaɓin sauro ne ya haɗiyi magani ya ƙara jan bargo. Alamar da ke bambanta su ita ce mutanen ɗaki ɗaya su kamu lokaci ɗaya, ba zafin jiki, in sun fita waje kuma su ji sauƙi. Jarirai, masu ciki da tsofaffi su ke fara faɗuwa, wato dai waɗanda aka sayo hitar dominsu. Wanda aka samu a sume a irin wannan ɗaki, a fitar da shi fili, a kwantar da shi a gefensa, a garzaya asibiti a gaya wa likita cewa akwai wuta a ɗakin, domin oksijin ne maganinsa. Ko ya farfaɗo a hanya kada a juyo.

Wannan magana ta fi ƙarfin gas. Kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki ya fi hita fitar da wannan guba nesa ba kusa ba, shi kuma ba shi da abin da zai kashe shi. Janaretan da ake ɓoyewa a zaure ko a lungun ɗaki saboda ɓarayi haka. Za a ce iyaye da kakanni sun kwana da wuta a ɗaki ba abin da ya same su. Ɗakinsu na ciyawa ne ko na laka, da asabari a ƙofa, iska na shiga ta ko'ina. Namu na bulo ne da silin, da tagar gilashi, mu ƙara liƙe ta da leda saboda ƙura, mu toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ɗakin ya canza, al'adar ba ta canza ba. A ɗumama ɗaki da taga a ɗan buɗe, a kashe hita, a rufe bawul, a fitar da kasko, sannan a kwanta. Ƙananan na'urori masu ƙara in sun ji wannan guba suna aiki da batir, kuma duk mai iya sayen hita ya kamata ya nemi ɗaya a birni.

Masu kaji ma su ji. 'Yan tsaki suna son zafin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa ragewa kamar digiri 3 duk mako. Don a riƙe zafin sai a lulluɓe ɗakin ruf da tamfol. Amma kowane kilo ɗaya na gas in ya ƙone yana sakin ruwa kusan lita ɗaya da rabi a matsayin tururi, ga numfashin tsakin, ga warin kashinsu. Da safe a tarar da ɓuntun shinkafar da aka shimfiɗa ya jiƙe, tsaki sun yi laushi, a ce cuta ce ta shigo. A bar kafa a sama ta ɓangaren da iska ba ta bugowa. Su kansu tsakin za su nuna maka: in sun cunkushe a ƙarƙashin wuta sanyi suke ji, in sun gudu jikin bango suna haki zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci to daidai ne. Yawancin na'urorin ɗakin kaji da hitocin waje ba su da tsaron oksijin ko kaɗan, kada a shiga da su ɗakin kwana.

In abin ya kai ga mai gyara, ka tafi da regiletarka da tiyonka, ba na'urar kaɗai ba, don ya gwada da abin da kake amfani da shi. Ka ce ya nuna maka abin da ya cire. In ya ce maka, "Alhaji, na cire wancan ƙarfen da ke kashe ta, yanzu ba za ta ƙara mutuwa ba," ka ce ya mayar ko ya sa sabo. Kafin ka biya, ku gwada a fili: a kunna ta ta yi minti biyu, a rufe bawul ɗin tukunya wuta ta mutu, ka kasa kunne. Cikin minti ɗaya za ka ji ɗan ƙas a wajen makunni, ƙofar gas ce ta rufe. Sai a sake buɗe bawul ba tare da an danna komai ba, ka kai hanci kusa. In ka ji wari ko sautin fitar gas, a rufe, kada ka karɓe ta.